Kuskure Ɗaya Kafin Ƙararrawa

Shekara ashirin da bakwai yana koyar da lissafi a makaranta ɗaya, a bene na biyu, a ajin da tagarsa ke kallon wurin ajiye kekuna, kuma in ka ɗebe shekarar farko, a duk tsawon shekarun nan babu darasin da ya taɓa yi bai tafka kuskure a kan allo ba. Da gangan yake yi. Shi ya sa ɗalibai suka laƙaba masa Malam Tarko, sunan ya bi shi ɗakin malamai, ya bi shi har gidan surukansa, ta kai in ka kira shi da sunansa na gaskiya sai ya ɗan jima kafin ya waiwayo.

Ba da niyya ya shigo koyarwa ba. Ɗan kafinta ne, na uku cikin bakwai, kuma burinsa tun yana yaro ya zama mai awon filaye, irin mutanen nan da ke tsayawa a rana suna leƙa wata na'ura mai ƙafa uku. Bai samu gurbi ba, aka ce ya riƙe aji na shekara guda kafin wani abu ya faɗo. Har yau abin bai faɗo ba.

Shekararsa ta farko, ba a magana. Shi yana rubutu, su suna kwafa, rabin aji na gyangyaɗi, sauran rabin na kallon kekuna ta taga. Sai wata Laraba bayan hutun tara, yana cikin sauri, ya ninka wasu lambobi ba daidai ba. Wata yarinya daga can baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai ba haka ba ne." Aji ya kwashe da dariya, har da masu buga tebur. Ya goge allon, ya gyara, ya koma gida yana jin kamar ya ajiye aikin ya huta. Washegari da ya juya zai fara rubutu, sai ya ji ajin tsit. Ya waiwaya, ya ga duk idanu a kan allin da ke hannunsa, kowa na jira ya sake zamewa. Mugunta ce kawai irin ta yara, ya san da haka. Amma wannan ce ranar farko da ya ga sun karanta abin da ke kan allo kafin su kwafa.

Daga nan ya mayar da abin doka. Kowane darasi akwai kuskure ɗaya, ba biyu ba. Ba ya faɗin inda yake, fuskarsa ma ba ta nunawa, don ya iya shan mur kamar wanda aka aiko wa saƙon mutuwa. Wanda ya kama kuskuren shi zai fito ya karɓi alli ya gyara da hannunsa, Malam kuwa ya je ya zauna a kujerar yaron, ya naɗe hannu, yana cewa, "To Malam, muna saurare." In har saura minti biyar a buga ƙararrawa ba wanda ya gano, shi da kansa zai zagaye wurin da jan alli, ya bi layi-layi yana duba littattafai har sai ya ga kowa ya goge. Bai taɓa barin yaro ya fita daga ajinsa da kuskuren a littafi ba, ko sau ɗaya. Da fensir yake sa su aiki saboda haka.

In ka tambaye shi dalili, ba ya doguwar magana. Cewa yake abu ɗaya ne ke ba shi tsoro a duniya: yaro ya yarda da abu don kawai babba ne ya rubuta. Wannan yake tsarewa, wannan ne aikinsa, sauran duk cikon rana ne.

A gida ma ya so ya gwada, sau ɗaya. Matarsa tela ce, kekenta na falo kusa da taga. Wata rana ta ce ya lissafa mata yadi nawa zai ishi labulen taga huɗu, shi kuwa da yake hali ya bi jiki, ya rage mata yadi guda yana jira ta kama. Ba ta kama ba, ta sa almakashi. Ranar ya sha wankin babban bargo. "Ni ɗalibarka ce? Ni za ka ɗana wa tarko a kan kayan mutane? Wallahi ka bar wannan haukan naka a bakin ƙofa tare da takalmanka!" Shi ya je ya ba mai labulen haƙuri da bakinsa. Tun daga ranar, in ta ba shi lissafi sai ta sake yi da kanta a bayan takarda, shi kuwa ya riƙa murmushi a ɓoye, wai ita ma ta shiga aji ba ta sani ba.

Haka shekaru suka yi ta wucewa. Yaransa huɗu suka girma, uku suka bar gida. Gashi ya yi fari, tabarau ya ƙara kauri, aljihun rigarsa kuwa kullum da guntun alli, matar tana wanki tana mita. An yi masa tayin zama mataimakin shugaba sau biyu, ya ce a kai kasuwa, shi ofis ciwon baya yake sa masa. 'Yan aji uku yake riƙewa, masu jarrabawar ƙarshen shekara, kuma ba a taɓa tunanin ba wani ajin ba.

Sai bangon benen ya tsage. Tun daga saman tagar ajinsa tsagar ta taso har ƙasa, kana iya zura yatsa a ciki. Injiniyoyi suka zo suka yi ƙwanƙwashe-ƙwanƙwashensu, suka ce kowa ya fita, gyara zai ci wata bakwai in an yi sa'a. Babu inda za a zuba yara ɗari tara. Aka yanke cewa kowane malami zai riƙa ɗaukar darasinsa a bidiyo da waya yana turawa guruf ɗin ajinsa, yara su kalla a gida, su yi aiki a littafi.

Malamai da yawa sun yi ta ƙorafi. Shi ko a jikinsa. Ya sayo baƙin fenti ya shafe bayan ƙofar ɗakin ajiya, ya samu allo. Ya ɗora kujera a kan tebur, ya jera littattafai uku a kan kujerar, ya tsayar da wayar cikin kofin shayi. Matar ta yarda za ta tsayar da keke na minti ashirin kowace safiya, ba ƙari. Har wani daɗi ya ji, sai ka ce yaron da aka saya wa sabon takalmi.

Darasin farko a kan tara ɓangarori ne. Ya rubuta rabi a tara da sulusi, ya tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, ya ce amsa biyu bisa biyar, ya sha mur yadda ya saba, ya ci gaba. Dabararsa ita ce ya bar su su wuni a kai, wato su yi ta cacar baki a guruf har la'asar, sannan ya turo bidiyo na biyu ya zagaye wurin da jan alli. A ganinsa ya mayar da minti biyar ɗin nan na ƙarshe zuwa la'asar ne kawai, ba abin da ya canza.

Ashe abubuwa da yawa sun canza. A aji ƙararrawa ɗaya ce, kowa na zaune har a buga ta. A gida kuwa waya ɗaya ce ga mutum biyar. Wani da safe yake samunta kafin uba ya fita da ita, wani sai bayan kwana biyu, wani datarsa ba ta ɗaukar bidiyo biyu a rana. Akwai wata yarinya da 'yan ajin ke kira Lauya saboda gardamarta, wadda a zangon da ya wuce ita ta fi kowa riƙe alli. Minti huɗu da tura bidiyon ta rubuto, "Malam, biyar bisa shida ne, na kama!" Amma saƙonta ya nutse cikin gaisuwa ɗari da hotunan furanni da "Malam ba ya buɗuwa a wayata". Bidiyon la'asar kuwa, cikin yara arba'in da ɗaya, goma sha shida ne suka kalla.

Mahaifin ɗaya daga cikin yaran mai haɗa magunguna ne a asibiti. Ya dawo aiki ya tarar da ɗansa na kwafar biyu bisa biyar, ya karɓi wayar ya kalla, ransa ya ɓaci. Ya yanko daƙiƙa talatin ɗin da kuskuren ke ciki kaɗai ya tura guruf ɗin iyaye, ya rubuta a ƙasa: "Ni in na haɗa magani da irin wannan lissafin, gawa za a fitar." Kafin kwana biyu bidiyon ya zaga gari. Wani ya sa masa kiɗa. Ƙanwar matarsa, da ke wata unguwa can nesa, ta bugo wa matar tana tambaya, "Yaya, wai ba mijinki ba ne wannan?"

Shugabar makaranta ta kira shi. A lokacin ofishinta ya koma ɗakin ajiyar kayan wasanni, tana zaune tsakanin ragar ƙwallo da tarin tabarmin motsa jiki. Tsohuwar ɗalibarsa ce, shekara ashirin da suka wuce, don haka da ya shigo ta miƙe tsaye, ta ba shi kujerarta, ita ta zauna a kan benci.

"Malam, ni ba sai ka yi mini bayani ba," in ji ta. "Na zauna a ajinka, na san abin da kake yi. Amma iyaye sittin sun sa hannu a takarda. Daga sama ma an kira ni."

"To a gaya musu da gangan ne."

"An gaya musu. Cewa suka yi wannan ya fi muni."

Ya ce to zai riƙa sa gyaran a ƙarshen bidiyon, duk a haɗe. Ta ce wanda ya yanke na farko ai zai yanke na biyu. Ya ce zai rubuta gargaɗi a saman allo. Ta ce ta kai wannan shawarar da kanta, an ƙi. Sannan ta sunkuyar da kai, ta faɗi abin da aka aiko ta ta faɗa: ko dai ya daina, kowane bidiyo ya bi ta hannun kwamitin malamai uku kafin a tura, ko kuma ya miƙa aji uku ga wani, shi ya koma kula da ɗakin karatu har ya yi ritaya. Saura shekara uku.

Ya koma gida ya zauna a falo bai cire hula ba. Matar ta dube shi ta tsayar da keke ba tare da ya roƙa ba.

"Baban yara, ɗakin karatu ai ba kurkuku ba ne."

"Yaran fa? Jarrabawa saura wata takwas. Wa za a ba?"

"To ka daina tarkon mana. Wata bakwai ne, ba shekara bakwai ba. In an koma aji ka ci gaba da haukanka, wa zai gan ka?"

Maganarta ta zauna masa. Ya ga wata bakwai ba wani abu ba ne a kan shekara ashirin da bakwai. Washegari ya je ya ce ya zaɓi ajin.

Sharaɗi ɗaya ya rage, kuma shi ya fi ci masa rai. Aka ce sai ya sanar da bakinsa, don hankalin iyaye ya kwanta. Ya tsaya gaban baƙar ƙofar, ya dubi wayar da ke cikin kofi, ya ce, "Yara, daga yau babu tarko. Duk abin da na turo muku an duba shi, daidai ne. Ku kwafa yadda kuka gani." Sau biyar ya ɗauka kafin muryarsa ta fita yadda ake so. Wannan bidiyon kam kowa ya kalla, har da kakanni.

Bai zauna haka ba, wannan kam a yaba masa. Ya sa su auna ƙofofin gidajensu da taku da kamu, su turo. Ya sa su ƙirga tayil ɗin ɗaki su fitar da faɗinsa ba tare da sun ƙirga duka ba. Har ya juya wasan, ya ce su su rubuto masa lissafi da kuskure a ɓoye shi ya nemo. Sati biyu abin ya yi armashi, Lauya ta turo masa guda tara, ɗaya ma sai da ya kwana yana nema. Daga baya wani uba ya ce ana koya wa yara rubuta ƙarya, kwamiti ya ce a dakata tukuna. Bidiyoyin suka koma sumul, babu abin da za ka tsinta a ciki. Iyaye suka yi ta yabo. Mai haɗa magungunan nan ma ya turo saƙo, wai yanzu aka zo wurin.

A wata na biyar ya ɗauki darasi a kan faɗin fili. Ranar da zafi, wayar ta mutu sau biyu, maƙwabci na fasa bango, minti ashirin ɗin matar sun ƙare tana tsaye da almakashi tana jira. A ɗauka ta huɗu ya zana ɗaki mai tsawon mita takwas da faɗin mita bakwai, ya ninka, ya rubuta hamsin da huɗu, ya ja layi biyu a ƙasa, ya wuce. Bai sani ba. Malamai uku na kwamiti suka kalla, ko dai suka ce sun kalla, suka sa hannu, aka tura. Babu wanda ya ce uffan a guruf.

Da aka gama gyara aka koma, ajin na warin sabon fenti, an toshe tsagar, an sauya allon da wani fari mai santsi. Ranar farko ya karɓi littattafan aikin gida na duk watannin, guda arba'in da ɗaya, ya kai ɗakin malamai. Washegari da safe ba shi da darasi sai ƙarfe goma sha ɗaya, ya zauna da jan biro da kofin shayi ya fara bi.

A littafi na farko ya ga bakwai sau takwas hamsin da huɗu. Ya ja tsaki ya soke. Na biyu, hamsin da huɗu. Ya ce waɗannan kwafar juna suka yi, zan gamu da su. Na uku, na huɗu, na biyar. A na shida ya ajiye biron. Ya ciro waya ya nemo bidiyon, ya ja shi gaba har wurin, ya ga hannunsa, da allinsa, da layi biyun da ya ja a ƙasa. Shayin ya huce a inda yake.

Yaran aji uku ne fa. Bakwai sau takwas tun suna firamare suke rera shi kamar waƙa. Ya koma kan littattafan yana buɗe shafin ɗaya bayan ɗaya, duk arba'in da ɗayan abu guda suka rubuta. Sai yatsarsa ta ji takardar wani littafi ta yi kaushi a daidai wurin amsar. Ya tashi ya je taga ya ɗaga shafin a haske. A ƙarƙashin huɗun akwai shatin shida, an goge. Ya ɗauko wani ya ɗaga, haka. Ya bi su duka a tsaye, wani malamin tarihi na tambayarsa ko lafiya. Littafi ashirin da uku ya ware gefe. Yara ashirin da uku sun yi lissafin da kansu, sun samu daidai, sun dubi allonsa, sun goge nasu.

Na Lauya ya fi kowanne. Ta rubuta, ta goge, ta sake rubutawa, ta sake gogewa, har takardar ta kusa hujewa.

Bai yi fushi da kowa ba, don bai ga wanda zai yi fushi da shi ba in ba kansa ba. Baƙin ciki ne kawai ya cika shi, irin wanda bai ji ba ko ranar da aka sa wa bidiyonsa kiɗa. Ya riƙe ajin, gaskiya ne, ga shi nan sunansa a jadawali. Ya zauna yana kallon tarin littattafan, ya rasa ma wa zai soke da jan biron.

Lokacin hutun tara ya aika aka kira ta. Ta shigo ɗakin malamai a ɗarare, ta durƙusa ta gaishe shi. Ta ƙara tsawo a watannin nan, har ya ɗan yi mamaki. Ya buɗe littafin ya juya mata shi, ya ɗora yatsa a wurin.

"Bakwai sau takwas nawa ne?"

Ta dubi shafin, ta dube shi. "Hamsin da shida nake samu, Malam."

"To me ya sa kika goge?"

"Ai ka ce an daina." Ta faɗa a hankali, ba da tsiwa ba. "Ka ce duk abin da ka turo an duba, daidai ne. Na yi sau uku yana ba ni hamsin da shida, sai na ce ƙila akwai wata ƙa'ida ta faɗin fili da ban gane ba."

"Ba ki tambaya ba?"

"Babana ya ce in daina yi wa malamai gardama a waya, kowa na gani."

Ya gyaɗa kai. Ya zaro fensir daga cikin kofin da ke kan tebur ya miƙa mata, ya tura littafin gabanta. Ta karɓa ta riƙe, ba ta rubuta komai ba.

"In gyara, Malam, ko in bar shi?"

"Ke me kika gani?"

Ba ta sake duban shafin ba. Ta ɗaga kai tana kallon fuskarsa, fensir a hannu, tana jira ya gaya mata.